Ko Tashar Nukiliya Za Ta Raba Mu da Janareta?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai sayar da nama ne kusa da mayankar Oko-Oba a Agege, ina da firiza shida. Abin da nake kashewa a dizal ya fi kuɗin hayar shago, ga kuɗin wuta an ƙara. Ɗana da ke jami'a ya ce min Faransa da nukiliya take samun wutarta, Masar ma tana gina tata, ga kuma yuraniyom a Nijar nan maƙwabtanmu. Me ya hana Najeriya ta gina tata mu huta? Ko tsoron bam ake yi?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya buɗa kasuwa, Ya yi wa yaron nan albarka, don bai yi maka ƙarya ba. Faransa tana samun kimanin kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya, Masar kuma ta zuba kankaren farko na tasharta ta El Dabaa a watan Yulin 2022. Tambayarka, in na fahimce ta, biyu ce aka ɗaure da igiya ɗaya: shin nukiliya za ta iya ba ƙasar nan wutar da take nema, in kuwa za ta iya, me ake jira?

Bari ka san da wa kake magana tukuna. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina aiki a tashoshin wuta masu ƙona iskar gas, akasari a ɗakin da ake lura da injina, dare da rana. Ban taɓa riƙe tashar nukiliya ba. Amma rabinta, wato ɓangaren tururi da injin da ke juyawa da layin da ke fitar da wuta, iri ɗaya ne da abin da na yi furfura a kansa. A kan wannan rabin zan fi tsayawa, kuma a ganina nan ne amsarka take.

Tukunya ɗaya ce, murhu ne ya bambanta

Mutane suna jin "nukiliya" sai hankalinsu ya tafi Hiroshima. Alhali tashar nukiliya ruwa take tafasawa. In ka je tashar Egbin da ke Ikorodu, iskar gas ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururin ya tura fukafukan wani ƙaton inji, injin ya juya janareta, wuta ta fito. A tashar nukiliya duk haka ake yi, illa iyaka zafin ba daga ƙona wani abu yake zuwa ba. Daga tsagewar ƙwayoyin zarra na yuraniyom yake fitowa. Ƙwaya ɗaya ta tsage, ta saki zafi da wasu 'yan tartsatsi da ke tsaga ta kusa da ita, haka abin ke bin juna. Akwai sanduna da ake zurawa cikin tukunyar su shanye tartsatsin, da su ake ƙara wuta ko a rage, kamar yadda uwargida ke tura itace ko ta janye.

Maganar bam kuwa, ka kwantar da hankalinka. Yuraniyom yadda ake haƙo shi, nau'in da ke tsagewa cikin sauƙi bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba. Na tashar wuta ana tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5. Na bam sai ya kai wajen kashi 90. Man tashar wuta ba zai fashe irin fashewar bam ba ko da an so. Najeriya ma ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya tun 1968, tana kuma cikin yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta su a nahiyar Afirka. Dattawa za su tuna cewa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a farkon 1961 saboda gwajin bam da ta yi a hamadar Aljeriya. Wancan tsoron yana da tushe, amma ba shi ne abin da ke gabanmu ba.

Alherin nukiliya a fili yake, ba zan rage mata komai ba. Tasha mai megawat 1,000 man da take ci a shekara bai wuce tan ashirin da 'yan kai ba. Ana loda mata mai ta yi kusan shekara ɗaya da rabi tana aiki ba tsayawa, ba ruwanta da damina ko rani, ba ruwanta da an fasa bututun gas a Neja Delta, ba ta kuma fitar da hayaƙi. Sababbin da ake ginawa yanzu an tsara su su yi shekara 60. Wanda ya taɓa zama a ɗakin injina yana kallon allurar matsin gas tana sauka, yana rage lodi alhali injinsa lafiyarsa lau, dole ya yi sha'awar tashar da manta ke cikin cikinta.

Ba yau aka fara zancen ba

An kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, NAEC, a takarda tun 1976, amma sai a 2006 zamanin Obasanjo ta fara aiki sosai. Hukumar da ke sa ido kan tsaron abin, NNRA, dokarta ta 1995 ce, ta fara aiki a 2001. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da 'yan Zariya, shi ne akwai tukunyar nukiliya da ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004, a cibiyar binciken makamashi ta CERT. Ƙarama ce, ƙirar China, ƙarfinta kilowat 30 na zafi, ba ta ba da wuta, aikinta bincike da gwajin ma'adanai da horar da ɗalibai. A 2018 aka cire mata man da aka tace ƙwarai aka mayar China, aka sa mata wanda ba a tace sosai ba. Sama da shekara ashirin ke nan tana nan ba a ji wani abin tashin hankali ba, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai tsakanin kilowat 30 da tukunyar da ke ba da megawat 1,200 na wuta, wadda zafinta ya kai megawat 3,200, ninki ne fiye da dubu ɗari.

An kuma zaɓi wurare biyu, Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom, an sa hannu a takardu da kamfanin Rosatom na Rasha fiye da sau ɗaya, na baya-bayan nan da aka fi sani a 2017. Har yau ba a aza bulo ko ɗaya ba. Geregun nan kuwa a ƙaramar hukumar Ajaokuta take, maƙwabciyar kamfanin ƙarfen da Tarayyar Sobiyet ta fara gina mana tun ƙarshen shekarun 1970, wanda har gobe ba a hura babbar tanderunsa ba. Duk mai son ya yi maganar nukiliya a ƙasar nan, ni da zai fara zuwa ya zagaya wancan kangon.

Kaya ya fi ƙarfin jaki

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka, Alhaji.

Wutar lantarki ba kamar nama ba ce da za ka ajiye a firiza sai gobe. Abin da ake samarwa da abin da ake sha dole su zo daidai a kowace daƙiƙa. Duk injinan da ke kan babban layin ƙasa, daga Kainji har Afam, tare suke juyawa da bugu ɗaya, sau 50 a daƙiƙa. Ka ɗauka mutum ashirin ne suka ɗauko jinka. In ƙaramin yaro ɗaya ya zame, sauran za su ji nauyi su daure. In ƙato guda da ke ɗauke da rubu'in nauyin ya saki, jinkar a ƙasa take, har da waɗanda ke ƙarƙashinta. Haka layin wuta yake. Babban inji ya fita ba zato, bugun ya faɗi, sauran injinan su ga abin ya fi ƙarfinsu, na'urorin da ke kare su su cire su ɗaya bayan ɗaya, cikin 'yan daƙiƙu ƙasa ta yi duhu. Abin da kake ji a rediyo ke nan in an ce babban layin wuta ya durƙushe.

Saboda haka injiniyoyi suke da wata ƙa'ida da hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, ita ma take faɗa wa ƙasashe masu shirin shiga: kada inji ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin gaba ɗaya. To mu yi lissafi. A takarda Najeriya tana da tashoshi na kusan megawat 13,000. Abin da ke isa ga jama'a a yawancin ranaku tsakanin 4,000 ne da 5,000 da ɗan abin da ba a rasa ba. Tukunyar da Rasha ke sayarwa yanzu, irin ta Masar, guda ɗaya megawat 1,200 ce. Rubu'in wutar ƙasar ke nan a wuyan inji ɗaya. Ka kwatanta da Egbin, wadda ita ce babba a ƙasar da megawat 1,320: injina shida ne, kowane 220. Ɗaya ya faɗi, ana jin jiki amma akan tsira. Kafin layinmu ya iya ɗaukar tukunya ɗaya mai 1,200 cikin kwanciyar hankali, sai ya zama yana ɗaukar wajen 12,000 kullum, da wasu injina a kunne suna jiran ko-ta-kwana. Mu kuwa wannan ajiyar ta ko-ta-kwana ita ce abin da muka fi rashi.

Kamfanonin rarraba wuta biyu na Legas, Ikeja da Eko, kasonsu a haɗe kusan rubu'i ne na abin da ke kan layin ƙasa. Ka ga tukunya ɗaya ta yi daidai da duk abin da garin nan ke samu. Daɗin ji gare shi, sai ka juya shi: ranar da ta tsaya, kuma dole ta tsaya na makonni duk lokacin sauya mai, kamar an zare Legas ne daga soket.

Wannan fuska ɗaya ce. Ɗaya fuskar ta fi ba ni tsoro, kuma ba kasafai ake faɗarta ba. Tashar nukiliya ita ma tana buƙatar wuta daga waje. In na kashe gas a tashata, wuta ta mutu, shi ke nan. Tukunyar nukiliya kuwa ko an zura sandunan nan an tsayar da ita, garwashinta yana nan. A daƙiƙun farko tana ci gaba da fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafinta, wato wajen megawat 200 a irin wadda muke magana, kuma ko bayan kwana guda akwai sauran megawat goma sha wani abu. Dole famfuna su yi ta zagaya ruwa kwana da kwanaki. Famfo kuwa wuta yake sha. In layin ƙasa ya faɗi, sai manyan janaretocin dizal na gaggawa. I, Alhaji, ita ma tashar nukiliyar janareta gare ta a bayan gida, kamar shagonka.

Abin da ya faru a Fukushima ta Japan ran 11 ga Maris 2011 ke nan. Girgizar ƙasa ta katse layukan waje, tukwanen suka tsaya kamar yadda aka tsara, janaretocin dizal suka tashi. Kafin awa guda igiyar teku ta haura katanga ta nutsar da su. Ba wuta, ba famfo, tukwane uku suka narke. Sababbin ƙira suna da hanyoyin sanyaya kansu na wasu kwanaki ba tare da wuta ba, wannan ci gaba ne na gaske. Duk da haka, a wajen masu wannan sana'a, katsewar wutar waje lamari ne da ake rubutawa a bincika, ana fatan kada a gan shi sai jefi-jefi cikin shekaru. Mu kuwa layinmu yakan faɗi sau da dama a shekara ɗaya. Kai ma ka tuna watan Oktoban 2024 da 'yan'uwa a Arewa suka yi sama da mako a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya hanyar da ta rage ita ma ta samu matsala.

Na taɓa ganin ƙaramin misalin wannan da idona, a wata tasha da na yi aiki a wajen Legas. Wajen ƙarfe biyu na dare layin ƙasa ya faɗi, injinanmu suka fita, ɗaki ya yi duhu sai fitilun batir. Janaretan gaggawa ya kamata ya tashi da kansa. Ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Batiran tayar da shi sun raunana, an rubuta takardar neman sababbi watanni kafin nan, tana can tana yawo daga tebur zuwa tebur. Famfon mai da ke aiki da batir shi ya riƙe mana injin har wani makanike ya haɗo wasu batiran aka tayar da shi. Da abin ya ɓaci, inji za mu rasa, a yi asarar kuɗi, a yi wa wani takardar tuhuma. A tashar nukiliya irin wannan takardar da ke kwana a tebur ba inji kaɗai take ci ba. Ba ilimi muka rasa ba, injiniyoyinmu suna aiki a manyan wurare a duniya ana yaba su. Abin da nake shakka shi ne ko za a saki kuɗin batir a kan lokaci, kowace shekara, har shekara sittin, ko wace gwamnati ce a kan mulki.

Kuɗin, da mai biyansa

Tashar El Dabaa tukwane huɗu ce, megawat 4,800, kuɗinta kusan dala biliyan 30, Rasha ce ta ba da bashin biliyan 25 daga ciki. In ka juya biliyan 30 a canjin naira 1,500, tiriliyan 45 ke nan. Kasafin kuɗin gwamnatin tarayya gaba ɗaya na 2025 bai kai tiriliyan 55 ba. Kuma wannan in an gama a kan lokaci ne. Finland ta fara tukunyarta ta Olkiluoto ta uku a 2005, ba ta fara aiki sosai ba sai 2023. Amurka ta ƙara tukwane biyu a Vogtle ta jihar Jojiya, suka zo da jinkirin shekaru, kuɗi ya haura dala biliyan 30. Wadda akan kafa misali da ita ta yi kyau ita ce Barakah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa: sun ba Koriya ta Kudu kwangila a 2009, aka fara gini a 2012, tukunya ta farko ta shiga kasuwa a 2021, ta huɗu a 2024, yanzu tana ba su kusan rubu'in wutarsu. Masu kuɗi a hannu ke nan, da layi mai ƙarfi, da gwamnatin da ba ta canza ra'ayi, amma sai da suka yi sama da shekara goma kafin su ga wutar farko.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da ake nufi da kuɗi ya kwanta. Kusan duk tsadar nukiliya a ginin take, man ba shi da yawa a lissafi. Shekara goma kana zuba kuɗin bashi, ruwa yana hawa, ba ka sayar da ko yunit ɗaya ba. In an gama, dole tashar ta yi ta aiki a cike, kuma dole a biya kowane yunit da dala ko abin da ya yi daidai da ita, don bashin da dala aka ci. To wa zai biya? Tun da aka sayar da kamfanonin wuta a Nuwambar 2013, kuɗin da ake tarawa daga masu shan wuta bai taɓa isar abin da aka samar ba. Kusan rabin masu shan wuta ba su da mita. A 2025 ana maganar bashin kusan naira tiriliyan 4 da kamfanonin samar da wuta ke bin gwamnati. Su kuma masu gas suna bin su, shi ya sa za ka ga inji lafiyayye a tsaye ba mai, a ƙasar da take da gas fiye da kowace ƙasa a Afirka. Wancan tazarar da na faɗa tsakanin 13,000 da 5,000, yawancinta nan ta tafi: ba gas, ba gyara, ba layin da zai kwashe. Ƙarin da aka yi wa 'yan Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, a Afrilun 2024 zuwa naira 225 a yunit, wanda nake jin shi ne ya taɓa ka, ƙoƙari ne na toshe wannan ramin. Ka ga ke nan ba murhu muka rasa ba. Wanda ya kasa sayen itacen murhun da yake da shi, sabon murhu na bashi ba zai dafa masa tuwo ba.

Zancen yuraniyom na Nijar ba zai ɗauke mu lokaci ba. Abin da ake haƙowa a Arlit tun 1971 ɗanyen gari ne. Sai an kai shi waje an mayar da shi iska, an tace, an dunƙula shi 'yan ƙwayoyi an jera a sanduna daidai da ƙirar tukunyarka. Masu tacewa don kasuwa 'yan ƙalilan ne, Rasha da Faransa da China da wani kamfanin haɗin gwiwar Turai, kuma galibi wanda ya gina maka tasha shi ke sayar maka da mai. Nijar ɗin da kanta, da duk yuraniyom ɗinta, daga Najeriya ta riƙa sayen mafi yawan wutarta, shi ya sa Yamai ta shiga duhu da aka yanke mata layi bayan juyin mulkin 2023.

Haɗari da shara

A nan ina ganin mutane suna wuce gona da iri ta ɓangare biyu. In aka auna yawan mutanen da suka mutu da yawan wutar da aka samar, nukiliya tana cikin mafi aminci, ta fi gawayi da man fetur nesa ba kusa ba. Hayaƙin janareta da ke kashe iyali guda a ɗaki cikin dare, wanda kai da ni mun sha jin labarinsa a garin nan, ba ya shiga labaran duniya. Chernobyl ta 1986 kuwa ƙira ce marar rufin kariya, aka kuma yi gwaji a kanta ana take dokoki. Ba a gina irinta yanzu.

Amma in abin ya faru, ƙasa ake rasawa. A Fukushima an kwashe mutane daga kilomita 20 kewaye da tashar da wasu yankunan da ke gaba, jimilla sama da mutum dubu ɗari. Ka sa tsinke a Oshodi ka zana da'irar kilomita 20: ta haɗiye Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Apapa da Obalende. Ka tuna yadda gadar Third Mainland take da yammacin Juma'a ba tare da kowa yana gudun komai ba. Shi ya sa ko an gina, ba a Legas za a gina ba, sai dai a jawo mana wutar ta layi mai nisan ɗaruruwan kilomita, mu koma kan maganar layi.

Sharar kuwa ba ta da yawa, amma tana daɗewa. Man da aka gama amfani da shi yana shekaru a cikin tafkin ruwa yana hucewa, sannan a zuba shi a manyan tulunan ƙarfe da kankare. Wani ɓangarensa yana da illa har dubban shekaru. Finland ce ta yi gaba wajen haƙa masa kabari na dindindin a cikin dutse, zurfin sama da mita 400. Abin da ya shafi illarsa a jikin mutum aikin likitoci ne, su za su fi ni bayani. Ni dai abin da nake tunawa shi ne Koko, a jihar Delta ta yanzu, inda a 1988 aka gano an jibge dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a filin wani bawan Allah. Sai bayan nan aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Hukumar da za ta sa ido a kan nukiliya dole ta zama wadda za ta iya ce wa minista a rufe tasha, a kuma rufe.

Wataƙila yaronka zai ce maka ai akwai ƙanana da ake ƙerawa yanzu, masu megawat 50 zuwa 300. Gaskiya ne, kuma su ne suka dace da girman layinmu. Rasha tana da ɗaya a kan jirgin ruwa a garin Pevek, China ma ta kunna tata. Sai dai aikin da aka fi sa wa rai a Amurka, na kamfanin NuScale, an soke shi a Nuwambar 2023 bayan kuɗinsa ya yi ta hawa. Ni ban ga dalilin da zai sa mu zama zakaran gwajin dafi ba. A bari wasu su gina goma, a ga farashin gaskiya.

In da ni ake tambaya

Ba na cikin masu cewa a rufe babin. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba za ta rayu a kan gas har abada ba, kuma IAEA da kanta tana cewa daga yanke shawara zuwa kunna tashar farko shekara 10 zuwa 15 ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ci gaba da horar da yara a Zariya da Ife, a ba NNRA kuɗi da 'yanci, a ci gaba da auna ƙasa da ruwa a wuraren da aka zaɓa. Wannan duka kuɗinsa kaɗan ne. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ciyo bashin biliyoyin dala yau a kan babbar tukunya. Kaɗan daga wannan kuɗin in aka sa a manyan layukan wuta masu kilobolt 330, da na'urorin da cibiyar kula da layi ta Osogbo za ta riƙa ganin ƙasar gaba ɗaya da su, da mita, da biyan masu gas, zai fito da dubban megawat daga tashoshin da suke tsaye yanzu, cikin shekara biyu ko uku. Ga tashar ruwa ta Zungeru mai megawat 700 an gama, ga ta Mambila ana ta magana tun muna yara, ga rana a Arewa tana dukan ƙasa a banza. Dokar wuta ta 2023 ta ba jihohi dama su kafa kasuwar wutarsu, Legas kuma ta yi tata dokar a ƙarshen 2024. In akwai abin da zai canza wutar Agege nan kusa, ta wannan ƙofar zai shigo. Ranar da layinmu ya yi shekara biyu ko uku bai faɗi ba yana ɗauke da sama da megawat 10,000, ni zan fara cewa a kira masu nukiliya a zauna.

Firizojinka kuwa ba za su jira wannan ranar ba. Abin da nake ba masu irin sana'arka shawara shi ne sola da rana, a bar dizal ya zama na cike gurbi. Dabarar ita ce kada ka kashe kuɗi da yawa a batir: ka sa firizojin su yi aiki sosai tun daga hantsi har la'asar, naman ya daskare kamar dutse, ka jera robobin ƙanƙara a gefe, ƙanƙarar ita ce batirinka da dare. Ka duba robar bakin murfi, in ta saki sanyi yana zurarewa kana biyan kuɗinsa. Kada ka tayar da su shida lokaci ɗaya, don kwamfuresa tana jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi, abin da ke sa mutane sayen inbata ko janareta da ya fi buƙatarsu ke nan. Ka kuma sani ranar Legas ba ta kai ta Sakkwato ba, musamman a Yuni da Yuli, duk wanda ya yi maka lissafi da ranar Arewa zai bar ka a rana. A bayan kowace firiza akwai 'yar takarda da aka rubuta wat ɗinta. Ka sa yaron ya kwafo min su shida, da awa nawa kuke samun wuta a rana, da litar dizal da kake sha a mako, in yi maka lissafin faranti nawa za su ishe ka da wata nawa kuɗinka zai dawo.